Saiwar Rawaya a Kan Takarda

A shekarun da yaƙin Nasara ya hana jiragen ruwa zuwa, ni ne ke riƙe da mabuɗin wani ɗaki a unguwar Treichville, cikin wani babban birnin bakin teku a ƙasar kurmi, bayan wata ma'ajiyar katako. Ɗakin wani Bafaranshe ne masanin tsirrai, Mushe muke ce masa. Cinikin goron da ya kawo ni daga Nijar ya karye, shi ya sa na karɓi aikinsa. In ya dawo daji da ganye da fure da saiwa, ni nake shimfiɗa su tsakanin tsofaffin jaridu, in danne da katako, in ɗaure da igiya. Kullum sai na sake takarda, don danshin garin nan ba ya barin abu ya bushe. In sun bushe sai in shafa musu wani ruwan guba saboda ƙwari, a liƙa kowanne a farar takarda, shi kuma ya rubuta sunansa da inda aka samo shi. Ya ce da haka ake gane wane tsiro ne ɗan'uwan wane, da ƙasar da kowanne yake fitowa. Daga baya aka kira shi aikin soja, ya bar ni da gadi da shara.

A unguwar Adjamé muke zaune, a ƙetaren gada, ni da matata da goggonta da ta zo wankan jego. Wata biyu da haihuwa shawara ta kama matata. Idanunta suka yi ɗorawa, ko kunu ta sha sai ya dawo, nono ya fara ɗaukewa. Na kai ta wurin likita, wanda ya duba ta ya ce su ma ba su da abin ba ta. Goggo ta ce a gida da rawaya ake korar wannan ciwo, in nemo saiwarta ko ina take.

Ba mai shimfiɗar magani da ban tsuguna a gabansa ba, daga kasuwar Adjamé har ta Treichville. Duk magana ɗaya: masu kawowa daga arewa sun daina zuwa, suna tsoron a kama su aikin dole a hanya. Wani ya ba ni wata saiwa ya rantse ita ce. Goggo ta shaƙa ta jefar, ta ce gangamau ne.

Rana ta biyar ina share ɗakin Mushe na tuna na taɓa ganin wani fure ruwan ƙwai a cikin tsofaffin takardun da aka yi kafin zuwana. Na sauke akwatuna ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Na same ta. Ga fure, ga ganye, ga saiwa an tsaga ta biyu an liƙa. Na sa takardar cikin riga na haye gada.

Goggo na gani ta ɓalle saiwar daga takarda. Kafin in ajiye takalmi ta jefa ta tukunya. Na ce mata an shafa guba, irin wadda nake shafawa da hannuna, wadda Mushe ya hana ni ko taɓa baki kafin in wanke hannu. Ta ce a ɗauraye, wuta za ta kashe sauran.

"Kai, yaro," in ji ta, "magani na hannunka za ka zuba ido 'yata ta tafi?"

Na tsaya ina kallon ruwan yana sake launi. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta bi maganarta. Har na ce wa kaina takardar ta tsufa, ƙila gubar ta mutu. Daga ɗaki ina jin nishin matata. Sai na sunkuci tukunyar da hannu, ban tsaya neman tsumma ba, na kifar a kwata. Goggo ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Abin da ya rage mini shi ne rubutun da ke ƙasan takardar, ni kuwa ajami kaɗai na iya. Da safe na kai wa wani akawu a tashar jirgin ƙasa. Ya karanta mini sunan wani ƙauye yamma da gari, ya ce an rubuta cewa a cikin filin ciyawa aka samo ta, bayan gobarar daji. Ban taɓa sanin akwai fili irin na gida a ƙasar kurmi ba.

Na shiga ɗaki na gaya wa matata zan tafi. Ta ce, "Maigida, kada ka daɗe." Na ɗauki takardar da buhu na fita.

Wuni guda a kwalekwale, washegari a ƙafa. Da na isa na tarar an dasa kwakwar manja a mafi yawan filin, layi-layi iyakar gani. Na yi ta yawo ina tona duk abin da ya yi kama, tafin hannuna da ya ƙone ya fashe yana ruwa. Ban jin yaren mutanen wurin, su ma ba su jin nawa. Sai in buɗe takarda in nuna fure, su girgiza kai. Na zauna a gindin wata bishiya na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. A nan wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta same ni. Ta duba takardar ta daɗe, ta ja ni zuwa wani gefen da aka ƙone kwanan nan. Furannin na nan a ƙasa cikin toka, ko ganye ba su da shi. Na tona da addar da ta ara mini har na cika buhu.

Ran kwana na huɗu na shiga gida. Na tarar da maza zaune a tabarma a ƙofa. Liman ya taso ya riƙe ni ya ce matata na nan da rai, jaririn ne Allah ya karɓa tun jiya, an riga an kai shi.

Goggo ta karɓi buhun ba ta dube ni ba. Ta daka, ta jiƙa, ta yi ta ba ta da ludayi. Bayan mako biyu matata ta fara zama da kanta. Ko rawayar ce, ko sauran kwana ne, ban sani ba.

Da Mushe ya dawo na nuna masa takardar da aka ɓalle, da sabuwa da na busar a madadinta. Ya tambaye ni yadda ake haɗa maganin da yawan abin da ake sha, ya rubuta a gefe. Bai kore ni ba. Goggo ta koma gida da ayarin farko da ya sami hanya, kuma har ta tafi ba ta yarda cewa gubar za ta yi kisa ba.