Ankon da Kwamfuta Ta Ce Babu

Karatuna bai wuce sakandare ba. Kwamfuta kuwa a wani ɗan shago na Titin Ibrahim Taiwo na koye ta, daga nan wani Alhaji mai sarin atamfa a Fagge ya ɗauke ni aiki, ya ba ni tebur a lungun shagonsa.

Aikin a jere yake. Da farko akwai jadawalin abin da aka sayar. Sannan akwai jadawalin abin da ya rage a sito. Idan mai saye ya dawo neman ƙarin irin wadda ya saya, sai in sa manhaja ta haɗa jadawalan biyu. Ita ba ta san "kusan ɗaya ne" ba. Layi ba ya samun abokinsa sai abin da ke cikinsu ya zo daidai. Abu biyu nake sa ta duba: lambar zane, da lambar bugu. Kamfani yakan buga zane ɗaya sau da yawa, kowane bugu da lambarsa, kuma rinin bugun bara ba lalle ya zama na bana ba. A inuwar shago ba a ganewa, sai an fita rana, ko an yi wanki.

Akwai wata Alhaja, Bayarabiya haifaffiyar Fagge, tsohuwar abokiyar cinikinmu, wadda ta sayi atamfar ankon bikin ɗanta. Saura 'yan kwanaki biki ta sauko daga adaidaita sahu tana fifita da gefen mayafi, ta ce dangin mijinta na Ilori sun ƙaru, kuma ba za ta yarda a ce ta ware su ba. Tana son ƙari, iri ɗaya sak. Alhaji ya sa aka kawo mata lemo, ya zagayo wurina.

Na haɗa. Allo ya fito wayam. Zanen yana nan jibge a sito, amma na sabon bugu ne.

Alhaji ya sunkuyo, ya ce a hankali in cire sharaɗin bugun, in bar na zane kawai, layi zai fito, sai in juya mata allo ta gani. Ya san ba bakinsa take yarda da shi ba, allon nan take yarda da shi, don bai taɓa yi mata ƙarya ba. Na ce in yana so ya sayar mata, ya faɗa mata bugun daban ne, ta zaɓa da kanta. Ya ce ashe ya ɗauko liman ne bai sani ba, shi a zatonsa mai danna kwamfuta ya ɗauka. Ya kuma tuna mini cewa masu neman kujerar nan sun cika unguwar Bata.

Ban taɓa komai ba. Na naɗe hannu.

Alhaja ta lura da ƙus-ƙus ɗin, ta taso da lemonta, ta nuna allon.

"Malam, mutumin naka me ya ce? Ko yau azumin magana yake?"

"Ya ce babu, Alhaja. Zanen akwai, bugun ne ba naki ba."

"Alhaji, kai kuma me ka ce?"

"Ni na ce shuɗi shuɗi ne."

"A wurin maza ba," in ji ta.

Ta sa aka fito da turmi ɗaya, ta fita bakin titi, ta kara shi da ƙyallen da ta zo da shi. Ta daɗe tana kallo. Ni kaina da na leƙa, bambancin kaɗan ne ƙwarai, wani ma ya rantse babu. Ta ce ta san matan dangin mijinta, a hoto za su gano, su yi shekara suna maganar. Ta ajiye turmin, ta ce za ta gwada wata Inyamura da ta sani a Sabon Gari, ta tare adaidaita ta tafi.

Ban san ko ta samu ba. Ban kuma san ko da an ba ta sabon bugun wani zai lura ba. Mai yiwuwa Alhaji ne da gaskiya a kan matan Ilori. Wannan ba shi aka tambaye ni ba. An tambaye ni ko ɗaya ne, kuma ba ɗaya ba ne.

Washegari na tarar da ɗan ƙanwar Alhaji a kan kujerata. Aka ce in koma sito, tunda ina son lambobi, in je in zauna da su. Na karɓi mukulli na tafi.

Har yau a siton nake, cikin zafi da ƙamshin sabuwar atamfa. Na sauke dilolin gaba ɗaya na sake jera su, zane da zane, bugu da bugu. Sabon mai kujerar ya cire sharaɗin, allonsa kullum cewa yake akwai. Amma kaya ta hannuna suke fita. Duk wanda aka turo ɗaukar ƙari, sai na karanta masa lambar bugu da ƙarfi, yadda mai saye zai ji daga bakin ƙofa, kafin in miƙa.