Karen Okabayashi Ba Ya Kuka

"Janyo kejinki nan, ga shi can ya shigo."

"Wannan kare ne ko ɗan maraƙi?"

"Rage murya. Karen faɗa ne. Ba ki ga kunnen a yage ba?"

"Shi ma allurar gwajin ake masa?"

"Tare suka fara da magena. An ce duk cikinsu shi ya fi samun sauƙi, ko uffan ba ya yi."

"Ai ubangidan ma haka yake. Na gaishe shi wancan makon, ya kalle ni kamar na taka masa yatsa."

Wanda matan biyu suke gulmarsa a ɗakin jira na asibitin dabbobi na jami'a shi ne Okabayashi Tetsuji, mai yankan kifi a kasuwarmu ta bakin teku a Kochi, ƙasar Japan. Shekararsa sittin da bakwai. Da safe yana fasa kifin katsuo, da rana matarsa Fumie ta babbaka shi a wutar kara su sayar. Wannan ita ce sana'a. Amma in ka tambayi kowa a unguwa wane ne Okabayashi, ce maka zai yi mai karnuka.

A wajen mahaifinsa ya gaji abin. Dokar fagen faɗan karnukanmu sananniya ce: karen da ya yi kuka ya faɗi, ko da shi ne a sama. Don haka tun kwikwiyo na wata uku ake fara koya masa shiru. Ya yi ƙara, a sauke masa sandar gora a hanci. Ya sake, a ƙara. Mahaifin nasa bai bambanta kwikwiyo da ɗa ba, har yau akwai tabon gorar nan a bayan kunnen Tetsuji.

Iwamaru shi ne karensa na ƙarshe, kuma mafi kyau. Faɗa goma sha ɗaya ya yi. A na bakwai aka tsage masa leɓe har kusa da ido, Okabayashi ya ɗinke shi a bayan mota da zaren kamun kifi, ba allurar kashe zafi, karen yana kallonsa yana kaɗa wutsiya. A na ƙarshe aka ɗaura masa farar igiyar zakara a wuya. Hoton yana rataye a rumfar kifi, ya fi hoton bikinsu girma.

Shekara biyu da barin fage, sai kumburi ya fito wa Iwamaru a ƙafar gaba. Likita Kubouchi Sanae ta ɗauki hoto, ta ce ciwon daji ne a ƙashi, a yanke ƙafar.

"Ki yanke tawa," in ji Okabayashi. "Zakara da ƙafa uku? A bi mu ana nunawa?"

Sai ta gaya masa akwai sabon magani da suke gwadawa a kan karnuka da maguna masu irin ciwon, waɗanda ba a yi wa aiki ba. Allura duk mako biyu. Sharaɗin ɗaya ne: kullum mai dabba zai cike takarda, ya auna zafin ciwo daga sifili zuwa goma. Ranar da ya kai shida, an fita daga gwaji, sai wuƙa. Ya sa hatiminsa.

Tambayoyin takardar ba su da wuya. Ya yi kuka? Ya yi nishi da aka taɓa wurin? Ya ƙi tashi da aka kira shi? Okabayashi bai taɓa rubuta ƙarya ba. Sifili, sifili, sifili, mako takwas.

"Baban yara," in ji Fumie wata safiya, "karen nan ya cinye katakon ƙofar ɗakinsa. Ga haƙori na tsinta, da jini."

"Babu tambayar katako a takarda."

"To takardar ce ke kwana da ƙafar?"

"Je ki duba wutarki, kifi na ƙonewa."

Har ya koma fita da shi yawo a rairayin bakin teku, don a ga zakara ya warke.

Ranar da matan nan suka yi gulmarsa, ranar sake ɗaukar hoton ƙashi ce. Likita Kubouchi ta fito da kanta, tana murmushi, ta sa aka ɗora Iwamaru a kan sikelin da ke ɗakin jira. Ta rubuta nauyinsa.

"Sauka," in ji Okabayashi.

Karen ya sauko da ƙafar gaba. Kowa a ɗakin ya ji ƙarar, kamar an karya busasshiyar gora. Ƙafar ta lanƙwashe a inda babu gaɓa. Iwamaru bai yi kuka ba. Ya juyo ya kai cafka ga abin da ya fi kusa da shi, wato fuskar likita da ta sunkuyo. Okabayashi ya cusa hannunsa a tsakani.

Haƙoran suka nutse a damtse. Karen faɗa in ya kama ba ya saki, girgiza yake. Ya girgiza, tsohon ya bugu da bango, suka zube tare. Jini ya yi tsartuwa har kan kejin mage. Matan suka kwasa da ihu. Wani mai jiran layi ya ɗago kujerar ƙarfe sama.

"Ka taɓa shi in fasa maka kai!" Okabayashi ya daka masa tsawa daga ƙasa. "Ajiye!"

A fage, wuta ake kai wa kare hanci ya saki. Hannun Okabayashi na hagu ya san aikin, ya shiga aljihu ya zaro laita, ya ƙyasta. Harshen wutar ya kusa hancin. Sai ya ga jikin karen yana rawa tun daga wuya har wutsiya, fitsari na bin ƙafafunsa, idonsa a kafe a kan ubangidansa, kuma har yanzu ba sauti. Ya yi jifa da laitar.

Likita ta zagayo ta baya, ta soka allurar barci a cinya. Sai an jira ta kama shi. Ta durƙusa cikin jinin, ta lalubi karyayyar ƙafar da yatsu biyu, ta ɗago.

"Okabayashi-san, ƙashin nan ya zama garin alli. Ba yau ya fara ba. Sifili ka yi ta rubuta min."

"Bai yi kuka ba, Likita."

"Ko sau ɗaya?"

"Tun yana wata biyar."

Ta dubi tabon leɓen, ta dubi tsohon.

"Ni ma na karɓi sifilin ina murna," ta ce. "Don karnuka masu kuka muka rubuta tambayoyin. Ya fita daga gwaji. Yanzu abu biyu ya rage: in cire ƙafar yau, wataƙila ya ga bazara ba tare da wannan azabar ba, ko in ƙara allura kada ya farka. Kai za ka faɗa."

Muƙamuƙin ya fara saki. Okabayashi bai janye hannun ba, sai da kan karen ya sulale kan cinyarsa. Naman damtsen a buɗe yake, ana hango fari a ciki. Ma'aikatan jinya suka taho da tawul za su ɗaga shi, ya ture su da kafaɗa.

"Likita," ya ce, "ki yanke. Amma don girman iyayenki, in ya farka ya yi kuka, kada kowa ya ce masa shiru."