Dashe da Ledarsa

Ranar da Mai Aski ya fara zuwa darasin matar wansa, da ƙafar hagu ya shiga. Yana cikin gaya wa matan unguwa cewa shi tun yana goye ya san ƙasa, ya ja da baya don ya nuna musu da hannu, sai ga shi tsundum cikin ramin taki har gwiwa. Da aka ciro shi, takalmi ɗaya ya ƙi biyo shi. Ya ce ya bar wa tsutsotsi sadaka. Matar wan nasa ba ta ko murmusa ba, ta daɗe da daina ɓata numfashi a kansa.

Uwar Dashe ake ce mata. A wurin renon itatuwa ta ƙare ƙuruciyarta, tana cusa ƙasa a baƙaƙen ledoji, har gwiwoyinta suka fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Da ta yi ritaya, maimakon ta shimfiɗa tabarma ta huta kamar kowa, sai ta ari fili a bayan shagon mai siminti, ta ce duk Asabar za ta koya wa unguwa zama da ƙasa. Ba allo, ba kujera. Wanda ya zo sai ya tsuguna ya sa hannu: ya juya taki, ya yashe kwata, ya cika leda da iri.

Mai siminti da sharaɗi ya ba da filin. A jera masa itatuwa a gindin katanga. In sun kama, ta ci gaba da makarantarta. In ba su kama ba, ga mai wankin mota nan kullum yana yi masa sintiri yana neman filin.

Cikin darussanta ba wanda ta nanata kamar na leda. Ta sa sun tsamo ta daga kwata da hannunsu. Ta sa mahauci ya kawo dunƙulen ledar da ya ciro daga cikin akuya, ta bi su da shi ɗaya bayan ɗaya. Ba a yar da ita, ba a ƙona ta, kuma kada idonta ya gan ta a ƙasa.

Ranar dashe gwiwa ta kayar da ita, aka kai ta asibiti. Mai Aski ya naɗa kansa shugaba. Da ta dawo tana dogara sanda, ta tarar da itatuwa a jere, fili tsaf, ko ƙyallin leda babu. Har albarka ta sa masa, abin da bai taɓa ji daga bakinta ba.

Dashen suka ɗan yi ganye, suka tsaya cik, sannan suka fara rawaya. Ta zargi gara, ta zargi awaki, ta zargi ƙurar siminti. Ta yi ta jan bokiti safe da yamma, ɗalibai suna raguwa, itatuwa suna bushewa. Rannan ta gaji, ta sa fartanya ta tono ɗaya. Ya fito da ledarsa cif, saiwar ta nannaɗe a ciki kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Ta tono na biyu, haka. Na uku ma.

Matan suka yi tsuru-tsuru. Wata mai ɗinki a cikinsu ce ta yi ƙarfin halin bayani: sun rasa inda za su kai ledojin in sun cire, shi ne shugaba ya yanke hukunci a bar kowace inda take.

Mai siminti ya zo ya duba, ya girgiza kai. Kafin mako ya zagayo mai wankin mota ya ja tiyonsa ya shigo. Aka bar mata siririn gindin katanga, shi ma don kunya.

Nan Mai Aski ya same ta zaune a kan bulo, tana tsaga ledojin 'yan dashen da suka rage da rai.

"Haba Yaya, ki duba alheri. Duk unguwar nan ba a taɓa bin dokarki kamar ranar nan ba. Ledar ma ai ina ganin tana riƙe musu ruwa."

Ba ta ɗago ba. Ta miƙa masa reza.

"Shekara nawa kana aski, ka taɓa aske mutum da hula a kansa? Tsuguna."