Ba Hindiyya Ba Ce

Ranar sadakar cikarta shekara da rasuwa, a unguwar Bani Harisa, akwai ni, da Hajiya Rabi mai abinci, da 'yata Zainab, da jikata Sumayya. Sai Sumayya ta ce, "Allah yarham Hindiyyar nan."

Na ce, "Ke, rufe mini baki!"

Marigayiyar tsohuwar maƙwabciyata ce, ta musulunta, aure ya kawo ta Madina. Fasfonta na Indiya ne, amma duk wanda ya ce mata Hindiyya sai ta bugi ƙirji: "Sakachep!" Ƙabilarta ke nan, 'yan tsiraru a kan duwatsu, harshensu daban. Wata la'asar ta naɗe mini irin goronsu a ɗanyen ganye, yajinsa ya sa ni hawaye. Tana dariya, baki jawur, ta ce, "Ke ma Takaruniyya 'yan garin nan suke ce miki, kamar duk wata baƙar fata. Kin yarda?" Har gobe ban yarda ba.

Da na gaya musu sunan ƙabilarta, Hajiya Rabi ta ce, "Haba Yaya, mamaci ina ruwansa da suna?" Zainab kuwa ko furta kalmar ta kasa. Takaici ya hana ni cin shinkafar sadakar.

Da gari ya waye na je na tsaya jikin katangar Baƙi'a, tunda mata ba sa shiga maƙabartar. Na ce, ya Allah, Kai Ka yi mu ƙabila-ƙabila. Ka ji ƙan 'yar Sakachep, Ka haskaka kabarinta.