Ranar da wanzami ya yi wa amsa-kuwwa tsaga

Na daɗe ina juya wannan labari a zuciya, in ce zan rubuta, in fasa, don gudun kada ya zama giba ga mutanen da ƙasa ta riga ta rufe wa ido. Allah Ya jiƙan su. Yau dai na daure.

Shekarun baya, gab da samun mulkin kai, kawuna, wani Alhaji ɗan kasuwa a Damagaram, ya sayi amsa-kuwwa a hannun wani Bafaranshe da zai koma gida. Akwati ne mai nauyi, da batirin kamyo, wato babbar mota, yake aiki. A cikinsa akwai ƴan kwalabe da ke yin ja in sun ɗau zafi, lamp ake ce musu, a gaba kuma wata baƙar takarda mai kamar faifai, ita ke fitar da murya. Kawu ya kawo shi Matameye ya damƙa mini, wai tunda na yi lakwal, wato makarantar boko, zan iya karanta abin da ke rubuce a bayansa. Ya ce amana ce, in ya ga ban iya ba zai karɓe abinsa. Ban taɓa riƙe abu mai daraja irinsa ba, har zanen mahaifiyata nake lulluɓa masa.

Mai yawan aronsa abokina ne, makaɗin garaya. In an kira shi biki sai in ɗauki akwatin in bi shi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne muryar tana da kaushi, tana ziza kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Da na leƙa sai na ga takardar ta yage a gefe, lamp ɗaya kuma ya dushe. Na ce shi ke nan, kawu zai ce ni na lalata.

Ban shawarci kowa ba, na hau mota zuwa Damagaram wajen wani mai gyaran radiyo, ina ta kauce wa unguwar kawu kamar ɓarawo. Mai gyaran ya gwada mini lamp iri biyu ya ce in saurara in zaɓa. Na zaɓi wanda ya fi tsabtar murya, ya kuma sa sabuwar takarda. Sauti ya fito tas. Na dawo ina jin ba wanda ya kai ni dabara.

Ba a jima ba aka kira mu biki a Kance, kawu ma yana cikin baƙi. Bayan la'asar abokina ya zauna ya kaɗa garaya, ya tsaya, ya sake kaɗawa, ya juyo ya dube ni.

"Ɗan lakwal, me ka yi masa?"

Na ce gyara na yi, har ina murmushi. Ya taɓa ceba, ƙarfen nan mai zobba da ke karkarwa a wuyan garaya, ya ce zizar akwatin da ta ceba tare suke tafiya, yanzu na bar masa garaya tsirara a gaban jama'a. Sai ya hango wani tsohon wanzami a gindin bango, ya ce, "Sarkin aska, zo ka yi wa yaron nan tsaga."

Na ɗauka wasa ne. Tsohon ma ya biye masa, yana tambaya ta Gobirawa za a yi ko ta Daurawa. Abokina ya ce a yi ƴar ƙarama, kusa da gefe. Wanzamin ya buɗe zabira, ya yi bisimilla, ya ɗora aska a kan sabuwar takardata.

Wallahi ko motsi na kasa yi. Ina jin ƙarar yankan. Abin kawu, a gaban idon kawu.

Abokina ya sake kaɗawa. Zizar ta dawo, har ta fi ta da kauri. Mata suka rangaɗa guɗa, samari suka cika fili, ni kuwa ina tsaye gumi na bin bayana.

Da aka tashi kawu ya kira ni. Na durƙusa na zayyana masa komai. Bai yi faɗa ba, ya ce, "Ba ka ci amana ba, ɗana. Amma kai tsoron akwatin kake yi, abokinka kuwa jin sa yake yi." Nan take ya ce daga ranar akwatin ya koma hannun abokina. Na koma Matameye hannu rabbana.

Ban riƙe su a zuciya ba, amma har yau in na tuna askar nan sai gabana ya faɗi. Kuma har yau hankalina bai ɗauki yadda yagaggen abu zai fi lafiyayye daɗi ba. Na ji an ce makaɗan gita na yanzu da gangan suke neman tsofaffin lamp don irin wannan kaushin. Don Allah, wanda ya san aikin nan ya gaya mini, gaskiya ne? In gaskiya ne, su ma yankan takardar suke yi?