Kwanon Kunun Da Ya Mai Da Mijina Maƙaryaci

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni amarya ce mai rawar kai, 'yar Unguwar Shanu, wadda ta tashi a gidan da ƙofarsa ba ta rufuwa. Babanmu ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, mahaifiyarmu kuwa, Allah ya jiƙanta, duk layinmu an san wainarta. A gidanmu idan aka sauke tukunya, kafin mu 'ya'yan gida mu sa hannu sai an zuba na maƙwabta, kuma kwanon da ya shigo da abinci ba ya komawa wayam, ko ƙuli-ƙuli ne sai an jefa a ciki. Da wannan tarbiyya aka kai ni gidan alƙali a Unguwar Kanawa. Ina roƙo a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci na kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa yawancinsu suna raye.

Maigidana alƙali ne a wata kotun shari'a a nan Kaduna, kuma ba don nawa ne ba, a lokacin an san shi. Lauyoyi suna shakkar shiga gabansa ba tare da shiri ba, talakawa kuwa har addu'a suke a kai ƙararsu wurinsa. Ana ta rade-radin cewa sunansa na cikin waɗanda za a ɗaga zuwa kotun gaba. Tun a satin farko ya zaunar da ni ya gaya mini dokarsa guda ɗaya: kada wani abu ya shigo gidan nan daga hannun kowa sai da saninsa, ko da ƙwayar dabino ce. Ya ce shi ba shi da gona, ba shi da shago, sunansa ne kaɗai jarinsa. Na ce to, a raina kuwa ina cewa wannan bawan Allah ya cika tsanani. Ban san da gaske yake ba sai da Babbar Sallah, da muka wayi gari muka tarar an ɗaure wani ƙaton rago a ƙofar gida. Ni har na fara lissafin kayan ciki, shi kuwa ya bi diddigi sai da ya gano wanda ya aiko, ya tari mai Keke, ya biya daga aljihunsa aka mayar da ragon yana ta kuka a hanya.

Abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin shi ne kaɗaici ya kusa kashe ni. Matan layin sun gwada ni da farko, aka aiko da dambu, aka aiko da zogale, ina mayarwa da ban haƙuri fuskata kamar ta tsage don kunya. Daga nan suka ja jiki. Idan na wuce zuwa Islamiyya ina jin ana cewa ga matar alƙali nan, wadda ba ta cin abincin talaka. Ni da aka haifa a tsakiyar hayaniya, sai ga ni daga ni sai rediyo, gida tsit. Ga ciki ya zo mini da laulayi, ga mahaifiyata ta rasu ban daɗe da aure ba. Na sha yi wa maigidan ƙorafi, sai ya yi murmushi ya ce in yi haƙuri, haka gidan alƙali yake.

A cikin wannan hali azumi ya kama. Akwai wata baiwar Allah da muke aji ɗaya a Islamiyya, ta girme ni sosai, gidansu na bayan layinmu, kowa Hajiya yake ce mata. Ranar da jiri ya ɗebe ni a aji ita ta riƙe ni ta rako ni har gida. Da yamma sai ga ta da kanta ɗauke da langa cike da kunun gyada, da ƙosai mai zafi a leda. Na buɗe baki zan karanto mata dokar gida, ta ɗaga mini hannu, ta ce ita ba alƙali ta kawo wa ba, 'yarta mai ciki ta kawo wa, in kuma na mayar to na nuna mata ita ba uwa ba ce. Maigidan ya riga ya tafi masallaci, can yake buɗa baki. Na karɓa. Wallahi tun da na samu cikin nan ban sha abin da ya zauna mini kamar kunun nan ba, ina sha ina hawaye saboda irin damun mahaifiyata ne. Washegari na wanke langar, na zuba soyayyen nama na mayar, domin hannuna ba zai iya mayar da kwano wayam ba.

Haka kwanon nan ya yi ta kai da kawowa har aka sha ruwa, aka yi Sallah, bai tsaya ba. Na iya ɓoye shi a bayan buhun shinkafa kamar mai ɓoye kayan sata. Sau da yawa na yi niyyar gaya wa maigidan, sai in tuna da ragon nan a cikin Keke, in ce idan na faɗa shi ke nan, zai raba ni da mutum ɗaya tilo da nake da ita a unguwar. Da na haihu, Hajiya ce ta tsaya mini. Ita ke zuwa bayan ya fita aiki ta dafa ruwan wankan jego da ganyen darbejiya, ta dama mini kunun kanwa, ta gasa wa jariri cibi. Shi a zatonsa gwaggona ce ke yin duk wannan, ni kuma ban gyara masa zaton ba. Ranar suna da ita aka yi anko, ita ce a gefena riƙe da yaron aka yi ta ɗaukar hotuna. Maza suna waje, ba ruwansu da wace mace ta shiga wace ta fita.

Sau ɗaya tak, muna tsinke zogale, ta taɓa ce mini dangin mijinta suna ta rigima a kotu kan wani gidan gado a Kurmin Mashi, abin duk ya hana mijin nata barci. Ba ta ce a wace kotu ba, ba ta roƙe ni komai ba. Na kawar da zancen, na ce Allah ya daidaita su. Ban tambaya ba saboda ina tsoron amsar.

Bayan wasu watanni na ga maigidan ya canza. Ya rage cin abinci, yana yawan shiru. Wata safiya yana shirin fita ya ce in zauna. Ya gaya mini ya yanke hukunci a wata shari'ar gado, waɗanda ba su yi nasara ba sun sa lauyansu ya kai ƙorafi wurin hukumar da ke kula da alƙalai, wai yana da alaƙa da ɗaya ɓangaren, kuma yau ne zai bayyana a gaban kwamiti. Ya faɗi sunan dangin, ya ce gida ne a Kurmin Mashi ake rigima a kansa. Sannan ya dube ni ya tambaye ni, ko na san wani daga cikinsu, ko wani nasu ya taɓa taka gidan nan. Ya ce shi ya san amsar, yana tambaya ne kawai don ya fita da natsuwa. Jama'a, a wannan lokacin jikina ya gaya mini komai. Na ga langar nan a idona. Amma na dubi fuskarsa, na ga yadda ya yarda da ni ɗari bisa ɗari. Na ce masa a'a, ban san kowa ba. Ya ce alhamdu lillahi, ya shafa kan yaron ya fita.

Abin da ya faru a can daga baya na ji shi, a bakin wani abokinsa lauya da ya halarci zaman. An tambaye shi ko akwai wata hulɗa tsakanin iyalinsa da masu shari'ar. Ya ce babu. Aka sake tambaya, ya ce a shirye yake ya rantse, babu wani nasu da ya taɓa shiga gidansa, kuma ko ruwan gidansu ba a taɓa sha a nasa ba. Ya rantse kuwa. Sai lauyan masu ƙorafi ya miƙa hotunan suna, waɗanda suka daɗe suna yawo a wayoyin mata. Ga ni nan na sha ɗauri ina dariya, ga Hajiya, matar wanda ya yi nasara a shari'ar, a gefena, kayanmu iri ɗaya, ɗan alƙali a hannunta, a tsakiyar falon alƙali. Aka kuma kawo wata mata daga layinmu ta ba da shaidar kwanon da ta daɗe tana gani yana zirga-zirga. Abokin nasa ya ce maigidana ya riƙe hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana rantsar da mutane, shi aka kama da rantsuwar da ba ta tsaya ba.

Da ya dawo ban jira ya tambaya ba, na durƙusa na faɗi komai, tun daga kunun farko. Na so ya yi faɗa, na so ya ce in tafi gidanmu, da ya fi mini sauƙi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce kunun ba komai ba ne, shi ma ya san ya matsa mini, kuma ya bar ni ni kaɗai a lokacin da nake bukatar uwa. Ya ce da tun farko na gaya masa, da shari'ar zai miƙa wa wani alƙali, aikin safiya ɗaya ne, in ci gaba da shan kununa. Ko da safiyar nan ce na faɗa, da ya shiga ya ce matarsa ta san matar, shi bai sani ba sai yau, a yi masa faɗa a wuce wurin. Abin da ba shi da magani shi ne rantsuwar. Ya tashi ya yi alwala.

Bincike bai same shi da cin hanci ba, domin babu. Amma an soke hukuncin, aka ce a sake shari'ar a wata kotu, kuma abin da ya fi ci mini rai, wancan alƙalin ma hukunci iri ɗaya ya yanke. Gaskiya ce maigidana ya yi tun farko, sai dai babu wanda ya ƙara tuna wannan. Aka cire sunansa daga cikin waɗanda za a ɗaga, aka ɗauke shi daga kan kujera aka mayar da shi ofis yana duba takardu. Waɗanda ya taɓa mayar wa da raguna suka samu abin faɗa a majalisa, wai ashe ta ƙofar baya ake shiga. Bai jima ba ya nemi ritaya da kansa, alhali yana da sauran shekaru masu yawa. Yaran da ya koya wa aiki yanzu su ne manya, wasu har yau suna zuwa gaishe shi, su zauna a tabarma yana warware musu mas'alolin gado.

Hajiya ta zo sau ɗaya bayan abin, tana kuka, tana rantsuwa cewa ba ta taɓa sanin a gaban mijina shari'ar take ba sai da aka yi nisa, kuma da ta sani kunya ta hana ta faɗa. Wataƙila gaskiya ta faɗa. Wataƙila kuma tun ranar da ta riƙe ni a aji ta san matar wa ta riƙe. Na juya wannan tambaya a raina har na gaji. Matar da ta dafa mini ruwan wanka ban iya tsanarta ba, ban kuma iya sake kallon idonta ba. Sun tashi daga unguwar tuntuni.

Na rubuto ne saboda 'yan'uwana mata da ke auren masu riƙe da amanar jama'a, alƙali ne, lauya ne, ko wani ma'aikaci da ake zuwa neman alfarma wurinsa. Ki sani ƙofar kicin ɗinki ma ƙofar ofishinsa ce, kuma akwai masu kallo. Ban ce ki guji mutane ba, zumunci ba laifi ba ne, ni ma ba shi ya kayar da ni ba. Ɓoyewa ce, da kuma a'a ɗin da na faɗa don tsoron ɓacin ran minti kaɗan. Idan ya tambaye ki, faɗi gaskiya ko da jikinki na rawa, domin da maganarki zai fita ya tsaya a gaban mutane. Ku ma mazan, idan kun kafa doka ku duba wadda kuka bari a cikin gida ita kaɗai, ku bar mata hanyar da za ta iya zuwa ta ce na yi kuskure.

Muna nan tare har yau, bai taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. A azumin da ya wuce, dab da magariba, aka yi sallama daga gidan sababbin maƙwabtanmu da kwanon kunu. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa miƙa hannu. Shi ya taso daga kan tabarmarsa ya karɓa, ya yi godiya, ya miƙo mini, ya ce in sha abina hankali kwance, yanzu ai babu shari'ar kowa a hannunmu. Da zuciya ɗaya ya faɗa, har da murmushi. Na kai kwanon kicin na ajiye, har aka kira isha'i ban iya buɗe shi ba.