Dokar da Anti Ƙa'ida ta rubuta

Shekara tara teburina na kallon nata, kuma wallahi ban taɓa ganin ta sa hannu a takarda ba sai ta karanta har ƙananan rubutun ƙasa. Shi ya sa muke ce mata Anti Ƙa'ida. Ƙungiyarmu ƙarama ce, muna kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa, muna kuma bin hukuma da naci a gyara musu doka. Ni ke riƙe da rajistar marasa lafiya. Ita kuwa tallafin da masu agaji ke turo mana ne a hannunta. Ita ke nemowa, ita ke rubuta rahoto, ita ke tarar masu bincike in sun zo.

Tana da wuyar sha'ani, ba zan ɓoye ba. Direbanmu cewa yake ranar da ya mutu a ɓoye mata, kar ta ce sai ya cike fom. Amma ita ta fitar da mu kunya shekarar da tsohon shugabanmu ya cusa danginsa goma sha ɗaya cikin masu karɓar magani kyauta, alhali lafiyarsu ƙalau, sayarwa suke yi. Saura ƙiris a rufe mu. Ta zauna kwana uku ta rubuta doka cewa ɗan'uwan ma'aikaci ba zai shiga shirin ba. Masu tallafi suka sa dokar cikin yarjejeniya, mu kuma har tafi muka yi mata.

Bara ƙaninta ya kwanta. Tela ne, mai 'ya'ya biyu. Ya daina fita shago, ya daina wanka, yana cewa ana kiran sunansa daga cikin keken ɗinki. Likitan ƙwaƙwalwa ɗaya ne a kusa, kuma namu ne. Babban asibiti tafiyar yini guda ce, can ma wata takwas suka ce ya jira.

Na ce ta kawo shi kawai. Uwarsu ɗaya, uba kowa da nasa, sunansu bai haɗu ba, rajista kuma a hannuna take. Ta ce in aka gano, mutum ɗari uku ne za su rasa magani. Raina ya ɓaci, na ce mata takarda ta fi mata jininta. Har yau ina cizon yatsa a kan wannan magana.

Ta rubuta wa masu tallafi tana roƙon sassauci. Sai bayan mako biyar amsa ta zo, cike da jaje da ladabi. Wai dokar ta yi kyau ƙwarai, har sun sa sauran ƙungiyoyi su kwafa.

Ranar wata Talata mahaifiyarsu ta zo ofis da kanta, tana dogara sanda. Ba ta ɗaga murya ba.

"'Yar nan, 'ya'yan mutane kike nema wa magani, naki ɗan'uwan yana kulle a ɗaki?"

Anti Ƙa'ida ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Ki kawo shi gobe."

Washegari ta shigo da takardar ajiye aiki a hannu, tana murmushi, rabon da in ga haƙoranta har na manta. Ta ce tunda ta bar aiki, in buɗe masa fayil. Na jawo kundin doka don in rubuta lambar sashe a fom, ta leƙo kamar yadda ta saba, yatsanta na bin layi. Sai na ga yatsan ya tsaya. A ƙasan shafi na huɗu an rubuta cewa hanin yana nan har sai ma'aikaci ya cika shekara biyu da barin aiki. Takarda ɗaya ke nan da ba ta taɓa komawa ta karanta ba, don ita ta rubuta.

"Ni na ƙara wannan layin," ta ce a hankali. "Don kar wani ya yi mana wayo."

Tausayinta ya cika ni. Na ɗaga labule na duba waje. Inna na zaune kan bencin jira, ta riga ta kawo shi, an yi masa wanka da aski, an sa masa sabuwar riga.